Tarihin Marigayi Abebe Bikila, Sojan Habasha Da Ya Ci Tseren Duniya Ba Takalmi

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau mun leƙa ƙasar Habasha domin mu kawo wa masu karatu tarihin marigayi Kyaftin Abebe Bikila, baƙar fatar Afirka na farko da ya ciwo lambar zinare a gasar wasanni ta Olamfik, kuma mutum na farko a duniya da ya lashe gudun yada-ƙanin-wani na wannan gasa har sau biyu a jere. Wannan gudu, ga wanda bai sani ba, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195, kuma a ƙafa ake yin sa ba tare da an tsaya an huta ba.

Abin da ya sa muka zaɓo shi kuwa shi ne, duk wanda ya yi sammakon fita kasuwa a Garwa ko Marwa ko Gidar zai ga samari a bakin titi suna gudu tun kafin rana ta fito, da yawansu da burin wata rana su ci abinci da ƙafafunsu. Iyayensu da iyayen gidansu, wato mu 'yan kasuwa, mu ne ke sayen takalmin, mu ne kuma ke biyan kuɗin magani in ƙafa ta samu matsala. To rayuwar Abebe ta nuna irin abin da mai horarwa nagari zai iya yi da yaro mai baiwa, ta kuma nuna yadda rauni ke gamawa da ɗan tsere komai ƙarfinsa, matuƙar ba a ba jiki hutun da ya nema ba.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Abebe Bikila ranar 7 ga Agusta, 1932, a wani ƙauye da ake kira Jato, kusa da garin Mendida a lardin Shewa. Wani abin mamaki shi ne, a wannan rana ce aka yi gudun yada-ƙanin-wani na gasar Olamfik ta birnin Los Anjelis da ke Amurka. Gidansu gidan makiyaya ne, saboda haka ya tashi yana bin dabbobi a kan tuddai, kamar yadda yaran Fulani ke yi a nan ƙasarmu. Yana ɗan shekara uku sojojin Italiya suka auka wa Habasha a 1935, suka kuma riƙe ƙasar daga 1936 har zuwa 1941. Yana yaro ya shahara a wani wasan gargajiya nasu mai suna gena, wanda ake buga ƙwallo da sanda a fili mai faɗin gaske, abin da ke sa 'yan wasa su wuni suna gudu.

A wajejen 1952 ya koma Adis Ababa, ya shiga rundunar sojojin da ke tsaron Sarkin Habasha Haile Selassie. A nan ne aka soma lura da shi, domin ya kan taso a guje daga tuddan Sululta zuwa cikin birni, tafiyar kimanin kilomita 20, ya kuma koma. A 1956 ya zo na biyu a tseren dakarun ƙasar, a bayan Wami Biratu wanda shi ne gwanin wancan zamani. Ya yi aure a watan Maris na 1960, inda ya auri Yewebdar Wolde-Giorgis, Allah kuma ya ba su 'ya'ya huɗu.

Haɗuwarsa da mai horar da shi

Masu gudu irin Abebe ba su da wuya a tuddan Habasha. Adis Ababa kanta tana bisa tudun da ya haura mita 2,300 daga gaɓar teku, inda iskar da ake shaƙa ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba. Wanda ya tashi a irin wannan wuri jikinsa kan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska, ta yadda in ya sauko ƙasa zai daɗe yana gudu bai yi haki ba. Sai dai kuma dubban makiyaya na da wannan baiwa, sun tsufa sun mutu ba wanda ya san su. Abin da ya bambanta Abebe da su shi ne ya faɗa hannun wanda ya san aikin.

Wannan mutum shi ne Manjo Onni Niskanen, wanda aka haifa a Helsinki ta ƙasar Finlan a 1910, ya kuma girma a Suwidin. Ya zo Habasha ne bayan yaƙin duniya na biyu, cikin jami'an Suwidin da gwamnatin ƙasar ta ɗauko, aka ba shi aikin koyar da motsa jiki, har ya zama shi ke horar da 'yan tseren rundunar masu tsaron sarki. Daga baya ya riƙe babban sakataren ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Habasha, wato mutum ne da ya san darajar lafiyar jiki.

 Niskanen ya kawo tsari irin na ƙasashensu. Wata rana a yi dogon gudu a hankali cikin daji da tuddai domin a gina juriya. Wata rana a shiga fili a yi gajeren zango da matuƙar sauri, a ɗan sassauta, a sake, a yi ta maimaitawa, domin zuciya da huhu su saba da sauri. Kuma komai da agogo a hannu ake yin sa, ana rubutawa, domin a san ko ɗan tsere gaba yake yi ko baya. Hikimar wannan tsari ita ce, wahalar atisaye rusa jiki take yi kaɗan-kaɗan, a lokacin hutu da barci da cin abinci ne jiki ke gyara kansa ya ƙara ƙarfi fiye da da. Wanda ya ƙara wahala ya rage hutu, asara ya yi wa kansa.

Sakamako bai jima ba ya bayyana. A watan Yuli na 1960 Abebe ya ci tserensa na farko a Adis Ababa, bayan wata guda ya sake ci a cikin awa 2 da minti 21 da daƙiƙa 23. Wannan lokaci ya fi wanda shahararren ɗan tseren nan Emil Zatopek ya kafa a Olamfik ta 1952, ga shi kuma a kan tudu aka yi shi. Ganin haka Niskanen ya sa sunansa da na Abebe Wakjira cikin waɗanda za su wakilci Habasha a birnin Rum na Italiya.

Daren birnin Rum

Da suka isa Rum, Abebe ya samu sabon takalmin gudu, amma bai zauna masa daidai ba, ya ci masa ƙafa har ta yi bororo. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da sabon takalmi ke yi wa mai doguwar tafiya. Maimakon a tilasta masa, sai aka bar shi ya yi yadda ya saba a gida, wato ya shiga tseren da tafin ƙafarsa. Turawan da suka gan shi a wurin tashi, siriri, ƙafa ba takalmi, sanye da lamba 11, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Kwanaki kafin tseren, shi da Niskanen sun bi hanyar sun duba ta, kamar yadda madugu ke sanin kowane zango da mashaya kafin ayari ya tashi. Sun lura cewa ƙasa da kilomita biyu kafin ƙarshe akwai doguwar hasumiyar dutse ta Aksum, wadda sojojin Musolini suka kwaso daga Habasha a 1937 suka kafa a Rum. Nan suka ajiye a matsayin alamar inda zai saki ƙafa. Niskanen ya kuma gargaɗe shi game da wani ɗan Maroko mai suna Rhadi Ben Abdesselam, wanda aka sa ran zai sa lamba 26.

An yi tseren ranar 10 ga Satumba, 1960. Saboda zafi, sai da yamma lis aka tashi, dare ya riske su a hanya, sojoji suka jeru da tocilan wuta suna haska musu tsohuwar hanyar nan ta Afiya mai daɓen duwatsu. Tun daga wajen rabin tafiya mutum biyu suka bar sauran, Abebe da wani mai lamba 185. Abebe ya yi ta ƙara wuta yana neman mai lamba 26 a gaba, bai sani ba ashe Rhadi ne ke gefensa, lamba ce kawai ta canja. A kusa da ƙarshe ya tsere masa, ya isa ƙofar Konstantin inda aka ja layi a cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya ba Rhadi ratar daƙiƙa 25. Wannan lokaci ya ɗara na Sergei Popov na Tarayyar Sobiyet, wanda shi ne mafi sauri a duniya kafin nan, da ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Idan mai karatu bai manta ba, wannan ita ce shekarar 'yancin kai. Kamaru ta samu nata ranar 1 ga Janairu a ƙarƙashin Ahmadu Ahijo ɗan Garwa, Nijar da Cadi suka samu a watan Agusta, Nijeriya kuwa saura mako uku a sauke tutar Ingila. Saboda haka ganin ɗan Afirka ya ci Turawa a babban birnin ƙasar da ta mamaye tasu shekara 25 da suka wuce, abu ne da ya faranta wa nahiyar baki ɗaya. Da ya koma gida Sarki Haile Selassie ya ba shi lambar girma, aka ƙara masa girma zuwa kofur. Ita kuwa hasumiyar, sai a 2005 Italiya ta mayar wa Habasha da ita, aka sake kafa ta a Aksum a 2008.

Daga Rum zuwa Tokiyo

Murna ba ta daɗe ba sai ga tashin hankali. A watan Disamba na 1960, Sarki yana ziyara a Burazil, shugaban rundunar masu tsaronsa, Janar Mengistu Neway, ya yi yunƙurin juyin mulki wanda bai yi nasara ba. An kashe mutane da yawa, an kuma rataye Janar ɗin daga baya. Abebe ba ya cikin masu yaƙin, amma da yake rundunarsu ce, an tsare shi na ɗan lokaci aka yi masa tambayoyi, sannan aka sake shi.

A 1961 ya ci tsere uku a ƙasashen waje: a Atina ta Girka, inda ya sake yi ba takalmi, sai Osaka ta Japan, sai Kosice ta ƙasar Cekoslobakiya ta wancan lokaci. Bayan tseren Atina ya koma sa takalmi. A 1963 ya je Boston ta Amurka, ya ja gaba har kusa da ƙarshe, sai ƙafafunsa suka riƙe, ya ƙare a na biyar. Wannan ne kaɗai tseren ƙasashen waje da ya kai ƙarshensa bai ci ba.

Babbar jarrabawa ta zo ne a 1964. Saura kimanin kwana 40 tseren Olamfik na Tokiyo, yana atisaye a Debre Zeit, sai ciwon ciki mai tsanani ya kama shi. Likitoci suka gano afendis ne, aka yi masa tiyata a tsakiyar Satumba. Mutane suka fid da rai da shi. Amma kwanaki kaɗan bayan aikin ya soma sassarfa da dare a harabar asibiti, ya bi tawaga zuwa Japan, ranar 21 ga Oktoba kuma ya shiga tseren sanye da takalmin Puma. Tun kafin rabin hanya ya bar kowa, ya shiga filin wasa shi kaɗai, ya gama a cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, wanda ya zama sabon lokaci mafi sauri a duniya. Basil Heatley na Ingila, wanda ya zo na biyu, sai bayan fiye da minti huɗu ya iso, Kokichi Tsuburaya na Japan ya zo na uku. Abebe kuwa yana tsallake layi sai ya koma kan ciyawa yana miƙe gaɓoɓi yana motsa jiki, jama'a suna ta sowa. A wannan gasa ce Kamaru ta soma halartar Olamfik, ita kuma Nijeriya ta samu lambarta ta farko ta hannun ɗan dambe Nojim Maiyegun. An ƙara wa Abebe girma zuwa laftana, aka ba shi gida da mota Volkswagen, irin ƙaramar nan mai bayan kunkuru.

Ya kamata mu tsaya a nan mu yi wata magana. Abin da ya yi a Tokiyo ya yiwu ne saboda shekaru da ya kwashe yana tara ƙarfi bisa tsari, ta yadda kwanciyar 'yan makonni ba ta ci uwar kuɗin ba. To sai dai labarin ya bar wani tunani a zukatan mutane, cewa wannan bawan Allah ciwo ba ya kayar da shi, kuma duk abin da ya same shi zai tashi ya ci. Irin wannan yabo yana da haɗari ga ɗan wasa, domin ranar da jiki ya ce a'a, ba wanda zai so ya ji.

Lokacin da ƙafa ta gaza

Ya ci gaba da cin tsere: a Japan a 1965, sai Zarautz ta Sifaniya da Seoul ta Koriya ta Kudu a 1966. Tseren Seoul, a watan Oktoba na wannan shekara, shi ne na ƙarshe da ya kai ƙarshensa. A watan Yuli na 1967 ya koma Zarautz, a nan tsokar bayan cinyarsa ta samu rauni, ya fita daga tseren, karo na farko a rayuwarsa. Wannan rauni bai taɓa sakinsa gaba ɗaya ba. A lokacin yana gab da cika shekara 35, ya kuma kwashe fiye da shekara goma yana dukan ƙasa da ƙafafun nan. A watan Yuli na 1968 sai da aka kai shi Jamus neman maganin ƙafafun.

Duk da haka aka sa shi cikin tawagar Olamfik ta Meksiko, domin ƙasa gaba ɗaya zinare na uku take jira. Saura kimanin mako guda tseren, ciwo ya tsananta, likitoci suka duba suka ga siririn ƙashin nan da ke gefen ƙwauri ya tsage, suka ce kada ya taka ƙafar har ranar tsere. Masana sun san irin wannan tsagewa a wurin masu dogon gudu. Kowane taku yana yi wa ƙashi ɗan lahani wanda ido ba ya gani, jiki kuma yana ɗinke shi in an ba shi lokaci. In dukan ya fi ɗinkin sauri, sai ƙashin ya tsage ba tare da mutum ya faɗi ko an buge shi ba. Haka nan mai ɗingishi saboda ciwon tsoka yakan jibga nauyinsa a wani wuri, sai sabon rauni ya fito a can. Maganinsa hutu ne na mako shida zuwa takwas, wani lokaci fiye. Abebe mako guda ya samu.

Ranar 20 ga Oktoba, 1968, ya tashi tare da sauran. Da ya yi kimanin kilomita 16, wato kusan tafiyar Garwa zuwa kasuwar Pitoa, ciwo ya fi ƙarfinsa, ya fita gefe. Abokin atisayensa kuma ɗan rundunarsu, Mamo Wolde, shi ya lashe tseren, Habasha ta samu zinarenta na uku a jere. Wannan ma shaida ce a kan aikin Niskanen, domin rukuni ya gina, in ɗaya ya faɗi akwai mai ɗauka. Abebe bai sake shiga tsere ba. Jimilla ya yi gudun yada-ƙanin-wani sau 16, ya ci 12, biyu na ƙarshe ne kawai bai ƙarasa ba, kuma duka biyun rauni ne ya hana shi. Da suka koma gida aka ƙara masa girma zuwa kyaftin.

Haɗarin mota da rasuwarsa

A daren 22 ga Maris, 1969, yana tuƙa motarsa sai ta ƙwace masa ta kife, ya kwana a cikinta, sai da gari ya waye aka ciro shi. Ya yi kwana huɗu cikin dogon suma, kuma lakarsa ta taɓu. Aka garzaya da shi asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, wanda ya ƙware a kan irin wannan rauni, ya yi wata takwas a can, har Sarauniya Elizabeth ta je duba shi. Da farko daga wuya zuwa ƙasa ba inda ke motsi, daga baya hannayensa suka dawo, amma ƙafafun da suka ci duniya ba su sake taka ƙasa ba.

Bai zauna yana kuka ba. A 1970 ya shiga gasar naƙasassu ta Stoke Mandeville, inda ya yi harbin kibiya da ƙwallon tebur daga kan keken guragu. A 1971 aka gayyace shi ƙasar Nowe, ya shiga tseren keken ƙanƙara da karnuka ke ja, ya kuma zo na ɗaya. A 1972 ya halarci Olamfik ta Munik a Jamus a matsayin baƙo na musamman, jama'a suka miƙe tsaye suna tafa masa, a gabansa kuma Mamo Wolde ya ciwo tagulla. A wannan gasa ce ɗan damben Nijar, Issaka Dabore, ya samo wa ƙasarsa lambarta ta farko.

Abebe Bikila ya mutu ranar 25 ga Oktoba, 1973, a Adis Ababa, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa da ke da nasaba da haɗarin, yana da shekara 41. Dubban mutane suka halarci jana'izarsa, har da Sarki Haile Selassie, aka binne shi a maƙabartar cocin Yusuf Mai Tsarki. Akwai filin wasa a birnin da ke ɗauke da sunansa. Niskanen ya rayu bayansa har zuwa 1984.

Abin da ya bari, da abin da ya rage namu

Ƙofar da Abebe ya buɗe ba ta sake rufuwa ba. Kuma duk inda aka ga gwanaye sun fito da yawa, in an bincika za a tarar da wani malami mai haƙuri a bayansu. A ƙaramin garin Bekoji na Habasha, Sentayehu Eshetu ne ya raini Derartu Tulu da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba tun suna yara. A Iten ta Kenya, wani malamin makaranta ɗan Ailan, Colm O'Connell, wanda ya zo a 1976, shi ya horar da David Rudisha. A Kaptagat, Patrick Sang ya riƙe Eliud Kipchoge tun yana matashi, har ya maimaita abin da Abebe ya yi, ya ci zinare a Olamfik ta 2016 da wadda aka yi a 2021. Shekarun da Kipchoge ya daɗe yana tsere ba tare da raunuka sun yawaita masa ba, su ne babbar shaidar malaminsa.

Akwai kuma akasin haka, kuma kuɗi ba sa hana shi. A Amurka kamfanin Nike ya kafa wani rukunin horarwa a jihar Oregon mai kayan aiki na zamani, a ƙarƙashin Alberto Salazar. A 2019 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta ƙasar ta dakatar da shi na shekara huɗu, kamfanin ya rufe rukunin. A cikin shekarar wata 'yar tsere da ta zauna a wurin, Mary Cain, ta bayyana cewa matsa mata da aka yi ta rage nauyi ya lalata mata lafiya har ƙasusuwanta biyar suka tsage. Ke nan ingancin rukuni ana gane shi ne daga yawan yaran da suka shekara suna gudu lafiya.

Idan muka dawo gida, ba a bar mu a baya wajen baiwa ba. A shekarar da Abebe ya mutu, 1973, aka soma tseren hawan Dutsen Kamaru a Buea, inda Sarah Etonge ta ci sau bakwai. A nan arewa muna da tudun Adamawa, Ngaundare tana bisa kimanin mita 1,100 da sanyi mai kyau ga atisaye, muna da cibiyar CENAJES a Garwa mai yaye malaman motsa jiki, ga wasannin makarantu na FENASSCO inda ake gano yara. Ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport, wadda ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008, ta nuna cewa in an yi tsari Garwa na iya gogawa da kowa. Abin da ya kamata shi ne hukumomi su haɗa waɗannan yara masu gudu da malaman da suka karanci aikin, a kuma sama musu likita.

Amma kafin hukuma akwai mu. Wanda zai ba da yaronsa koyon kasuwanci yakan binciki ubangidan tukuna, ya ji yara nawa ya yaye, nawa suka tsaya da ƙafafunsu. Haka ya kamata a binciki mai horarwa. A tambaya yaransa nawa ke zaune a gida da ciwon gwiwa ko ƙwauri. A duba ko yana ba su ranar hutu, ko yana ƙara musu nisa a hankali, ko yana fid da su gudu da tsakar rana a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40. In yaro ya nuna wuri guda a kan ƙashi da yatsa ya ce nan ke ciwo, kuma ciwon na ƙaruwa in ya taka, to a dakatar da shi a kai shi asibiti a ɗauki hoto, kada a tsaya ga matsa da man zafi kawai. Mafi muni shi ne mai ba yaro tramol don ya danne ciwo ya ci gaba da gudu. Ƙwayar rufe bakin ciwon take yi, ƙashin na ci gaba da tsagewa, ga jarabar sabo, ga shi kuma tun daga Janairun 2024 hukumar duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta haramta ta a lokacin gasa. Mu da ke zaune a kasuwannin Mubi da Gurin da Gashiga da Banki da Fotokol mun san ta inda take shigowa, mun kuma san 'ya'yan wa take ci.

Direban da ya san mota ba ya yi mata lodin da ya fi ƙarfinta don ribar sawu ɗaya, in kuma ya ji ƙara a ƙasa tsayawa yake yi ya duba. Abebe Bikila ya samu malami nagari, ya kai inda ba ɗan Afirka da ya taɓa kaiwa kafinsa, amma da ƙashi ya tsage, sunansa da lambobinsa ba su ƙara masa ko kilomita ɗaya ba. Yaranmu ba su fi shi ƙarfi ba, saboda haka sai mu kula da hannun da muke danƙa su.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su malamai masu amana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu kawo muku tarihin wani gwarzon.